Mutum ɗaya da bindiga sama da dubu a gidansa, wai gwamnati ba ta sani ba ne?

Tambaya: Salam Malam. An turo mana wani bidiyo a guruf, 'yan sandan Amurka sun shimfiɗa bindigogi fiye da dubu a ƙofar wani gida, wai duk na mutum ɗaya ne. Ta yaya mutum zai tara wannan makamai gwamnati ba ta sani ba? Ba sa yin rajista ne? Kuma wannan ai ɗan ta'adda ne ko?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bidiyon nan da kake magana tsoho ne fa, na watan Mayun 2019 ne, a birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya, a wata unguwar masu hannu da shuni da ke wajen Bel Air. 'Yan sandan birnin ne da jami'an ATF, wato hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi da abubuwan fashewa, suka shiga gidan bayan wani ya tsegunta musu ba tare da ya faɗi sunansa ba. Jirage masu saukar ungulu na gidajen talabijin suka ɗauko hoton daga sama, shi ya sa har yau duk bayan 'yan watanni sai ka ga wani ya sake tono shi ya watsa kamar jiya abin ya faru.

To bari in fara da abin da zai ba ka mamaki. A dokar tarayyar Amurka babu wani adadi da aka ƙayyade wa mutum na bindigar da zai mallaka. Ko ɗaya ce ko dubu biyu, yawan shi kaɗai ba laifi ba ne. Mutumin nan an kama shi, an ba da belinsa a kan dala 50,000, daga baya masu gabatar da ƙara suka shigar da tuhuma 64 a kansa. Ka lura da kyau, bindiga sama da 1,000 amma tuhuma 64. Kuma tuhumomin nan ba su ce ya tara da yawa ba, a'a, sun ce a cikin tarin akwai nau'ukan da jihar Kalifoniya ta haramta, akwai masu gajeren baki fiye da yadda doka ta yarda, sannan ana zarginsa da miƙa wa wasu mutane ƙananan bindigogi irin fistol ba ta hannun dila mai lasisi ba. Babu tuhumar ta'addanci a ciki. Kaga kenan abin da kyamara ta nuna maka daban, abin da aka rubuta a takardar kotu daban. Mai garken shanu ɗari biyar ba ɓarawo ba ne don garkensa ya cika fili, wanda aka kama da saniya ɗaya ta sata shi ne zai kwana a caji ofis.

Batun rajista kuwa, nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa, don muna ɗauka ƙasa irin Amurka da ke da kwamfuta a ko'ina ai dole akwai wani babban kundi da za a danna sunan mutum a ga duk bindigoginsa. Babu shi. Kuma ba wai sun kasa ba ne, doka ce ta hana. A 1986 majalisarsu ta yi wata doka ta kare masu bindiga, a cikinta aka rubuta ƙarara cewa gwamnatin tarayya ba za ta kafa rajistar bindigogi ko ta masu bindigogi ba. Dalilin masu goyon bayan wannan shi ne wai duk ranar da gwamnati ta san wa ke da me, to ranar da ta ga dama za ta bi gida gida ta ƙwace. Ko ka yarda da su ko kada ka yarda, wannan tsoron shi ke riƙe da siyasar bindiga a ƙasar, ga kuma gyara na biyu na tsarin mulkinsu, wanda a 2008 kotun ƙoli ta fassara shi da cewa haƙƙi ne na kowane mutum a karan kansa ya ajiye bindiga a gida don kare kai.

Abin da ake yi shine, idan ka je shagon dila mai lasisi za ka cike wani fom mai lamba 4473, sunanka da adireshinka da lambar bindigar, dilan ya tura bayananka a duba ko kana cikin waɗanda aka hana, tsarin binciken nan tun 1998 yake aiki. In an ce ka wuce, to bayanan binciken da ke hannun gwamnati dole a goge su cikin awa 24, fom ɗin kuma yana nan a shagon dila, ba a Washington ba. Sai in shagon ya rufe ne ake kwashe takardun a kai wata cibiya ta ATF a garin Martinsburg na jihar West Virginia, kuma ko a can ba a yarda a mayar da su yadda za a iya nema da sunan mutum ba. Saboda haka idan aka tsinci bindiga a wurin da aka yi kisa, jami'i zai ɗauki lambarta ya tuntuɓi kamfanin da ya ƙera, kamfani ya ce mun sayar wa babban dila wane, shi kuma ya ce na ba shago kaza, shago ya buɗe fayil ya ce wane ne ya saya shekara goma sha biyu da suka wuce, a je wurin wane ya ce ai tuni na sayar wa wani a bakin titi ban ma riƙe sunansa ba, shikenan zance ya mutu, domin a jihohi da dama cinikin mutum da mutum ba ya buƙatar takarda ko bincike. Daga bindiga ake bi a nemo mutum, ba a iya farawa daga mutum a lissafo bindigoginsa.

Akwai rajistar tarayya guda ɗaya tak, ita kuma ta wasu nau'uka ce na musamman, tun dokar 1934 zamanin da 'yan daban giya irin na Chicago ke ɓarin wuta da mashin gan a titi. Ita ta shafi bindiga mai sarrafa kanta wadda in ka danne kunama za ta yi ta zuba har harsashi ya ƙare, da doguwar bindigar da bakinta bai kai inci 16 ba, da ta farauta mai watsa harsashi da bakinta bai kai inci 18 ba, da na'urar rage ƙara, da su gurneti. Aka sa harajin dala 200 a lokacin, kuɗi ne mai ciwo a 1934, da gangan aka yi don a kori talaka da ɗan iska daga kasuwar. Riƙe irin waɗannan ba rajista na iya kai mutum shekara 10 a gidan yari. Sannan ita dokar 1986 ɗin nan ta rufe ƙofa, duk mashin gan da aka ƙera bayan 19 ga Mayun 1986 farar hula ba zai mallake ta ba, shi ya sa tsofaffin da ke da rajista suka zama kadara, guda ɗaya sai ta kai dubban daloli masu yawa, wasu ma sun fi sabuwar mota tsada.

Wani abin dariya a tarihin dokar 1934 ɗin nan, a 1968 kotun ƙoli ta yanke cewa mutumin da dama an haramta masa riƙe bindiga ba za a hukunta shi don ya ƙi yin rajista ba, saboda tilasta masa rajista tamkar tilasta masa ya ba da shaida a kan kansa ne, tsarin mulki kuma ya hana hakan. Sai da majalisa ta koma ta gyara dokar a shekarar.

Jihohi kuma kowa da kiɗansa. Hawaii na buƙatar a yi wa kowace bindiga rajista, haka birnin Washington. Kalifoniya na ajiye bayanan cinikin da ya bi ta hannun dila, na ƙananan bindigogi tun da daɗewa, na dogaye kuma daga 2014, kuma tun 1989 ta haramta wasu nau'uka masu kama da na soja. Teksas ba ruwanta da rajista. Florida ma doka ta yi ta hana a kafa ta. To kaga bindigar da za ka rataya a falonka a Arizona ba wanda zai ce maka uffan, in ka tsallaka da ita Kalifoniya ka zama mai babban laifi. Don haka duk lokacin da ka karanta an ce an kama wani a Amurka da bindigogi marasa rajista, tambayar farko ita ce a wace jiha, kuma wace irin bindiga. In a jihar da babu rajista ne kuma bindigar ta gama gari ce, to ɗan jaridar bai faɗi komai ba, cika layi kawai ya yi.

Ka ce ta yaya mutum ɗaya zai tara haka. Ai ƙasar ce a cike. Cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa fararen hula a Amurka na riƙe da bindiga kusan miliyan 393, wato kusan 120 ga kowane mutum 100, bindigogin sun fi mutanen yawa. Amma ba a rabe suke daidai ba. Wani bincike da masana daga jami'o'in Harvard da Northeastern suka yi a 2015 ya nuna kashi 3 cikin 100 na manya su ke riƙe da kusan rabin bindigogin ƙasar, kowannensu a matsakaici yana da 17. Waɗannan su ne 'yan tari. Wani na yaƙin duniya na biyu yake bi ɗaya bayan ɗaya, wani gado ya ci daga uba da kaka, wani maharbi ne ko ɗan gasar harbi, wani yana saye ne kamar yadda ake sayen gwal a ajiye, wani kuma tsoro ne kawai ya cika masa ciki yana jiran ranar da duniya za ta rikice. Har lasisi na musamman gwamnati ke ba masu tara tsofaffi, waɗanda suka haura shekara 50, dala 30 ne na shekara uku. Akwai kuma waɗanda abin ya zame musu ciwo. A 2015, a unguwar Pacific Palisades ta Los Angeles ɗin dai, an tsinci gawar wani mutum a cikin mota, da aka shiga gidan da yake zaune sai ga bindiga sama da 1,200 da harsasai masu nauyin tan shida da wani abu, da yawa ko amfani da su ba a taɓa yi ba. Saye kawai yake yi yana jibgewa.

Harsashi ma haka. In ka ji an ce an samu dubban harsasai a gidan wani gabanka zai faɗi, amma a can ƙananan harsasai a fakitin 500 ake sayar da su, katan na harsashin fistol kuma 1,000 ne, mai zuwa filin koyon harbi zai iya ƙona ɗaruruwa a yini guda. Mutum mai katan uku yana da dubban harsasai kenan, kanun labari bai yi ƙarya ba amma kuma bai gaya maka komai ba.

Kada kuma ka ɗauka ina cewa tarin bindiga ba ya da haɗari, wallahi yana da shi. Wanda ya buɗe wa 'yan kallon kiɗa wuta daga tagar otal a Las Vegas ranar 1 ga Oktoban 2017, mutum 58 suka mutu a daren, an samu bindiga 24 a masaukinsa na otal, da na gidajensa suka kai kusan 50, kuma da yawa daga ciki a cikin shekara ɗaya kafin harin ya saye su, duk ta hanyar halal a idon doka. Babu ƙararrawar da ta kaɗa, saboda dokar da ta ce dila ya kai rahoto in mutum ya sayi biyu ko fiye cikin kwanakin aiki biyar ta ƙananan bindigogi ce, ta dogaye kuwa a jihohi huɗu na bakin iyakar Meziko kawai take aiki, Nevada, jihar da Las Vegas take, ba ta cikinsu. Ni a ganina nan ne ramin yake, saurin saye da irin abin da ake saye sun fi jimillar lamba ba da labari. Dattijon da ya yi shekara 40 yana tara tsofaffin bindigogi 300 bai kai wanda ya sayi 30 na zamani cikin wata goma abin tsoro ba. Wani haɗarin kuma sata ce, gida ɗaya in ɓarayi suka fasa sun samu abin da za su raba wa unguwa guda.

Yanzu yadda ake ba da labarin kamun. Ka sani cewa hoton nan na bindigogi a jere ba haka aka same su ba, jami'ai ne suka fito da su suka jera, wani ɓangare don ƙidaya da duba lambobi, wani ɓangare kuma, mu faɗi gaskiya, don kyamara. Hukuma na son a ga tana aiki, ɗan jarida na son abin da za a danna, su biyun sun haɗu a kan lamba mafi girma. Ranar farko majiya ɗaya ce ke magana, 'yan sanda, shi wanda aka kama yana tsare, lauyansa bai ma ga fayil ba. Abin da 'yan sanda suka rubuta a matsayin dalilin kamu ba shi ne tuhuma ba, mai gabatar da ƙara ne zai zauna ya duba me zai iya tabbatarwa, sau da yawa sai ka ga an rage, wani lokacin an ƙara, kuma mafi yawan shari'un laifi a Amurka ba sa ma kaiwa gaban masu taya alƙali yanke hukunci, a sasanta ake gamawa, mutum ya amsa ƙaramin laifi a janye manya. Lokacin da hakan zai faru an yi shekara ɗaya ko biyu, kyamarori sun tafi wani wuri, in an ci sa'a a samu layi huɗu a can ƙasan shafi. Amma sunan mutum da hotonsa na nan a Google har jikokinsa su gani.

Abubuwan da nake dubawa in na ga irin wannan labari, ko mutumin yana cikin waɗanda aka hana riƙe bindiga tun asali, misali wanda aka taɓa ɗaurewa kan babban laifi ko kan dukan iyali, domin shi ko harsashi ɗaya aka samu a aljihunsa ya shiga uku, hukuncin na iya kai shekara 15 tun gyaran 2022. Sai ko yana sayarwa a matsayin sana'a ba lasisi. Sai ko an goge lambar wata, ko akwai ta sata, ko an yi wa wata kwaskwarima ta koma mai sarrafa kanta. Sai kuma me ya kai 'yan sanda gidan tun farko, barazana ya yi wa wani, ko maƙwabci ne ya ga ana shiga da akwatuna ya tsorata. In labari bai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, hoto kawai aka sayar maka.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya dabam. A Birtaniya kowace bindiga a rubuce take a takardar izinin mai ita, 'yan sanda na zuwa gida su duba akwatin ƙarfen da ake kullewa, kuma bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996 aka haramta kusan duk ƙananan bindigogi a 1997. Duk da haka a 2014 sai da aka gano bindiga sama da 400 a wani ɓoyayyen ɗaki a gidan wani mutum a ƙauyen Wyverstone na yankin Suffolk, mutumin da ƙauyen ke girmamawa. Rajista wanda ya kawo kansa take sani. Amma a can da zarar an kama mutum jarida na taka tsantsan, dokar raina kotu ta 1981 ta hana buga abin da zai iya gurɓata shari'a, jaridun Jamus kuma galibi harafin farko na sunan mahaifi kawai suke sawa. Kanada ta gwada rajistar dogayen bindigogi da dokar 1995, aka ce kuɗin da zai fita daga aljihun gwamnati bai wuce dalar Kanada miliyan 2 ba, ya tashi sama da biliyan 1, a 2012 aka soke ta.

Mu a Najeriya kada wani ya karanta wannan ya ce ai tari ba laifi ba ne. A nan akasin Amurka ne, asali haramun ne sai wanda aka ba izini. Dokar makamai ta 1959 ta kasa su uku, manyan da aka haramta irin na soja sai da lasisin shugaban ƙasa, na kai irin mai baki biyu ta farauta sai da na Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka irin ta maharba kuma kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta. Shi ya sa a Yunin 2022 da gwamnan Zamfara na lokacin Bello Matawalle ya ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu daga 'yan bindiga aka yi ta cece kuce, don ikon ba a hannun gwamna yake ba. Holin waɗanda ake zargi kuwa mun fi kowa saninsa, a zaunar da mutane a ƙasa ba riga, a jera AK-47 da layu a gabansu, a miƙa musu makirufo su amsa laifi tun ba su ga alƙali ba, alhali sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowa mara laifi ne sai kotu ta tabbatar. Jihar Legas ta haramta wannan holin a dokarta ta 2021. Sai dai ta fuskar mallaka babu wasa, a dokar fashi da makami ta 1984 wanda aka samu da bindiga ba izini hukuncinsa tarar naira 20,000 ne ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ko duka biyun, kuma guda ɗaya ta isa.